Alhassan Ɗantata da Man da Ke Cikin Gyaɗa

A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, kuma ga mu mutanen Ikara, Maƙarfi da Kudan, Bebeji ai nan ne kusa, kan hanyarmu ta Kano. Ɗan Agalawa ne, fatake. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, sai wata tsohuwa mai suna Tata ta riƙe shi. Sunanta ne ya bi shi har yau.

Da goro ya fara, yana ɗauko shi ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai. Manoma kuwa suka duba inda kuɗi yake, suka rungumi gyaɗa.

To me Bature zai yi da gyaɗa haka? Ba ƙuli-ƙuli yake so ba fa. Man yake bi. A 1901 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya gano yadda za a daskarar da man tsiro ya yi kamar man shanu, sai masana'antun majarin suka buɗe baki. A can ake matse gyaɗarmu, tunkuzar kuma a ba dabbobinsu. Ɗantata ya zama babban mai saye wa kamfanin Neja, daga baya UAC, yana raba wa yaransa jari su shiga ƙauyuka. Buhunansa na cikin waɗanda aka yi dalar gyaɗa da su.

A 1929 ya kai kuɗin azurfa, kayan raƙuma 20, bankin da aka buɗe a Kano. Abin da ya ba ni sha'awa, a shekarar ce George da Mildred Burr na Jami'ar Minnesota a Amurka suka nuna cewa ɓeran da aka hana wa maiƙo yakan daina girma, fatarsa da jelarsa su yi kirci. A 1930 suka gano sinadarin linoleyik ne maganin. Jiki ba ya iya yin sa, sai dai a ci, hanta ta sarrafa shi zuwa wasu maiƙon da jiki ke buƙata. Man gyaɗar da iyayenmu mata ke matsewa yana da shi sosai. Daskarar da man nan kuwa rage shi take yi, har ta kawo wani maiƙon da ke cutar da zuciya.

Ɗantata ya rasu a Kano ran 17 ga Agusta, 1955. Cikin 'ya'yansa akwai Sanusi da Aminu, Aliko Ɗangote kuma jikan Sanusi ne.