Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Sarkin da Bai Rabu da Littafi Ba

 A wannan mako za mu waiwayi rayuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansu. Jama'a sun fi saninsa da jan runduna da gina birane. Amma abin da muke so ɗalibanmu na makarantun sakandare su sani game da shi, shi ne irin ƙaunar da ya yi wa littafi tun yana yaro har ya koma ga Mahaliccinsa.

Bello ba baƙo ba ne a tarihin wannan yanki namu. Sa'ad da rikici ya yi tsanani tsakanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo da Ɗantunku, shi ne ya raba gardamar, ya tabbatar wa Kazaure zamanta ƙasa mai sarkinta. Don haka yaron da ke zuwa makaranta yau a Achilafiya ko Roni ko Gwiwa, yana zaune ne a kan hukuncin da wannan bawan Allah ya yanke shekara ɗari biyu da suka wuce.

An haife shi a shekarar 1781, watau 1195 ta Hijira, ya kuwa tashi a Degel, tsangayar mahaifinsa, inda almajirai ke tahowa daga ƙasashe masu nisa. A wurin Shehu ya sha tafsiri da hadisi da tauhidi. A wurin baffansa Malam Abdullahi ya ƙoshi da nahawu da lugga da balaga. Ya kamata mai karatu ya tuna yadda littafi yake a wancan zamani. Babu injin ɗab'i a ƙasar Hausa. Takarda kanta sai fatake sun ketaro da ita hamada daga wajen Tarabulus, ga tsada. Wanda ke son littafi sai ya ara, ya fiƙe alƙalami, ya dama tawada, ya kwafe shi shafi bayan shafi, sa'an nan ya mayar wa mai shi. Wani littafin sai an yi tafiyar kwanaki kafin a sami malamin da ya mallake shi. A cikin irin wannan hali ne Bello ya zama mai yawan nazari tun bai cika shekara ashirin ba.

Yana da shekara kamar 23 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, yaƙi kuwa ya ɓarke. Shekaru huɗu jama'ar Shehu suna cikin ƙaura da yunwa da fama, har Allah ya ba su Alƙalawa a 1808, Bello kuwa shi ne ya jagoranci rundunar. A 1809 ya fara gina Sakkwato. Wani da ya sami kansa cikin wannan ɗawainiya sai ya rataye gafaka ya ce karatu sai an huta. Shi kuwa a 1812, yana ɗan shekara 31, ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har gobe masu binciken tarihin ƙasashen nan ba su iya wuce shi.

Wanda ya duba Infaƙul Maisuri zai ga irin karatun mai shi. Ya kawo bayanin Barno da ƙasar Hausa da Ahir da Songhai, ya ambaci malaman da suka gabata, yana ɗebowa daga rubuce-rubucen magabata irin su Ahmadu Baba na Tambutu. Wannan shi ne tsohon ilmi. Sa'an nan ya shigo da na zamaninsa: abubuwan da mahaifinsa da baffansa suka rubuta, da labarin yaƙe-yaƙen da ya gani da idonsa, da wasiƙun da suka yi ta musanya da Shehu Muhammadu Al'amin Alkanemi na Barno. Alkanemi ya soki jihadin da hujjoji masu ƙarfi. Bello bai ɓoye sukar ba. Ya sa ta cikin littafinsa yadda kowa zai karanta, daga nan ya bi ta da amsa. Wannan halin mutumin da ya saba da karatu ne, wanda yake jin maganar abokin jayayya har ƙarshe kafin ya buɗe baki.

Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Shekara ashirin ya yi yana riƙe da daular, tawaye na tashi nan ana kashewa, can yana sake tashi. Duk da haka littattafan da ake jingina masa sun haura ɗari. Ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje Usulus Siyasa, inda ya nuna masa cewa yana cikin aikin shugaba ya kula da manoma da maƙera da marina da masu magani, ya raya kasuwanni, ya gyara hanyoyi. Ya yi rubutu a kan neman halal da sana'a. Ya kuma shiga fannin likitanci, ya yi littafi a kan ciwon ido, ya yi wani a kan basir, yana tattaro abin da hadisai da likitocin Musulmi na da suka faɗa. Abin da ya karanta bai tsaya a cikin kansa ba, ya sauko ya zama amfani ga talakawa.

Akwai wata shaida daga bakin wanda ba almajirinsa ba ne, ba kuma Musulmi ba. A watan Maris na 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Kyaftin Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo. Ya rubuta cewa Sarkin Musulmi ya yi masa tambayoyi a kan tsofaffin ƙungiyoyin addinin Kirista har ya rasa amsa, ya kuma nuna masa sanin buruji da taurari da sunayensu na Larabci. Da Baturen ya komo a 1826, ya zo da tsarabar littattafan Larabci, cikinsu har da na Ibn Sina da na Uƙlidisu.

Shi wannan Uƙlidisu masanin lissafi ne Bagirke, wanda ya rayu a Iskandariyya ta Masar kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Littafinsa shi ne tushen handasa, watau jometiri ɗin nan da ɗalibanmu ke kuka da shi a aji. An fara fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Halifa Haruna Rashidu. Bello ya shaida wa baƙon cewa gidansu sun taɓa mallakar littafin, wani ɗan'uwa ya zo da shi daga Makka, amma gobara ta cinye shi, don haka ya yi murna ƙwarai da samun wani. Bayan haka Clapperton ya shiga wurinsa wata rana ya tarar da shi zaune a cikin gida, littafin na buɗe a gabansa.

To, jama'a, a dubi wannan al'amari da kyau. Mutum ne mai shekara 45, ga ɗawainiyar daula tun daga Gwandu har Adamawa, ga yaƙi da Gobirawa bai ƙare ba. Babu jarrabawar da ke jiransa, babu takardar shaidar da zai samu. Littafin kuma na wani Bagirke ne da ya mutu shekara dubu biyu kafin zamaninsa, ya zo ta hannun Nasara. Bai ce wannan ba karatun addini ba ne. Ya san hikima abin nema ce ga mumini ko a hannun wa take, ya zauna yana nazari don yana jin daɗin sani.

Wannan ɗabi'a ba ta tsaya ga maza ba a gidan. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta ɗauki littafin da ya rubuta a kan salihan mata na tarihin Musulunci, ta mai da shi waƙa domin matan da ba su jin Larabci su amfana. Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, can kuma kabarinsa yake. Allah ya jiƙansa da rahama.

Yanzu sai mu juyo ga ɗalibanmu na Kazaure da Babura da kewaye. Da yawansu ba su buɗe littafi sai wanda malami ya ce zai fito a jarrabawa, in an gama kuwa a jefar da shi. In ka tambaya sai a ce babu lokaci, alhali kuwa ana kwashe sa'o'i ana shafar wayar hannu. Wa ya kai Bello rashin lokaci? Wa kuma ya kai shi wahalar samun littafi? Yau ɗalibi na iya ɗauke da ɗaruruwan littattafai a cikin wayar da ke aljihunsa.

Shawararmu ita ce a bi tafarkinsa, a haɗa tsoho da sabo. Wanda ya fara jin Larabci ya ɗanɗani Ishiriniya da Muƙamatul Hariri, ya ji zaƙin harshe. A nemi Infaƙul Maisuri, tun da an fassara shi da Hausa. A karanta Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi. A kuma karanta abin da marubutan yau ke fitarwa na labari da tarihi da kimiyya, da Hausa ko Turanci, a zaɓi mai kyau da taimakon malamai. Ko shafi biyar ne a dare bayan sallar lisha, a shekara sun haura shafi 1,800.

Iyaye kuma kada su kori yaro daga littafi don kawai ba na fiƙihu ba ne. A duba abin da ke ciki, in babu ɓarna a bar shi, in da hali ma a saya masa wani. Mu malamai namu ya fi nauyi, domin ɗalibin da bai taɓa ganin malaminsa riƙe da littafi don sha'awa ba, da wuya ya yarda karatu yana da daɗi. Umurnin farko da aka saukar wa Manzon Allah na karatu ne, ɗan Shehu kuwa ya riƙe shi har ƙarshen ransa.

Allah ya sanya wa 'ya'yanmu son ilmi mai amfani, ya ba mu ikon yi musu jagora, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.