Tarihin Alfred Büchi, Mutumin da Ya Mayar da Hayaƙin Salansa Ƙarfin Mota

Da yawa daga cikinmu mun saba ganin kalmar turbo a rubuce a bayan motoci, musamman motocin tsere irin waɗanda ke shawagi a titunan Riyadh da daddare. Amma kaɗan ne suka san sunan mutumin da ya ƙirƙiro ta. Sunansa Alfred Büchi, injiniya ne ɗan ƙasar Suwizalan, ya rasu tun 1959. Na ga ya dace in kawo mana tarihinsa ne saboda 'yan'uwanmu da dama a nan Saudiyya tuƙi ne abincinsu, wasu ma a hannunsu maigida ke barin mota mai tsadar da albashin shekaru ba zai biya ba. A gida kuma motoci masu turbo sai ƙaruwa suke cikin 'yan Kwatano da ake shigowa da su. Ni dai ma'aikaciyar jinya ce, aikin kanikanci na masu shi ne, amma batun numfashi na san shi, kuma labarin Büchi daga farko har ƙarshe labarin numfashin inji ne.

An haifi Alfred Büchi a ranar 11 ga Yulin 1879 a garin Winterthur. Gari ne na ƙere-ƙere, a nan kamfanin Sulzer yake, inda mahaifinsa Johann Büchi ya kasance babban ma'aikaci. A wannan kamfanin ne Rudolf Diesel, wanda ya ƙirƙiro injin dizal, ya taɓa yin koyon aiki yana ɗalibi. Ke nan yaron ya tashi ne cikin ƙarar injuna da hirar injiniyoyi. Ya yi karatun injiniyanci a babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Zurich, ya kammala a 1903, daga nan ya tafi ci-rani, ya yi aiki a Beljiyam da Ingila kafin ya koma gida.

Abin da ya dame shi

Inji yana samun ƙarfi ne idan mai ya ƙone, shi kuma mai ba ya ƙonewa sai da iska. Komai yawan man da ka zuba, in iskar ba ta isa ba, baƙin hayaƙi kawai za ka samu. Kamar majinyaci ne da huhunsa ya yi rauni, ko an cika masa ciki da abinci ba zai yi ƙarfi ba sai an ƙara masa iskar shaƙa. Maƙeranmu sun san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa ba a ƙira sai da zugazugi.

Büchi ya lura cewa mafi yawan ƙarfin da ke cikin mai yana tashi ne a banza, ya zama zafi, kuma kaso mai tsoka na wannan zafin ta salansa yake ficewa. Sai ya yi tunanin a saka wata ƙaramar farfela a kan hanyar hayaƙin, hayaƙin ya riƙa juya ta. A ɗaya ƙarshen sandar da ke riƙe da ita kuma a saka wata farfelar da za ta riƙa danna sabuwar iska cikin inji. Wato inji ya riƙa yi wa kansa zuga da numfashin da ya fitar. A watan Nuwamban 1905 ya yi rajistar wannan dabara a Jamus, yana ɗan shekara 26.

Akwai wata hanyar dannawa inji iska da ake kira sufacaja. Ita ba hayaƙi ke juya ta ba, injin ne da kansa yake janta da bel, don haka tana cin wani abu daga ƙarfinsa kafin ta mayar masa da ninki. Kamfanin Mercedes ya nuna motoci masu irinta tun 1921. Bambancin dabarar Büchi shi ne, abin da ake zubarwa ta ɗauko ta sa shi aiki.

Shekara ashirin na jira

A takarda abin ya yi kyau, a aikace kuwa sai da ya sha wuya. A 1909 ya kama aiki da Sulzer a sashen binciken injin dizal, ya ci gaba da gwaje-gwaje. Zuwa 1915 ya haɗa samfurin farko, amma bai iya riƙe matsin iskar yadda ake so ba, ba a karɓe shi ba. Babbar matsalar ita ce zafi da gudu. Hayaƙin da ke fitowa daga inji yana iya sa ƙarfe ya yi jawur, ga farfelar tana juyawa da gudun da ido ba ya gani, ƙarafan wancan zamanin kuwa ba su da juriyar haka.

A daidai lokacin wasu ma suna nasu ƙoƙarin. Auguste Rateau a Faransa ya gwada turbo a injunan jiragen sama lokacin Yaƙin Duniya na Farko. A Amurka kuma Sanford Moss na kamfanin General Electric ya hau da injin jirgi saman dutsen Pikes Peak a 1918, ya nuna cewa turbo na dawo wa inji da ƙarfin da yake rasawa a sama inda iska ba ta da kauri.

Nasarar Büchi ta zo ne ta ruwa. A 1923 gwamnatin Jamus ta ba da kwangilar jiragen ruwa biyu na fasinja, Preussen da Hansestadt Danzig. Aka saka wa injunansu turbo da kamfanin Brown Boveri ya ƙera bisa tsarinsa, ƙarfin kowane inji ya tashi daga na doki 1,750 zuwa 2,500. Ba abin mamaki ba ne da aka fara cin nasara a injin dizal, domin hayaƙinsa bai kai na injin fetur zafi ba. A 1926 ya bar Sulzer, ya kafa wani haɗin gwiwa da Brown Boveri da kamfanin ƙera kan jirgin ƙasa na Winterthur, suka bazu da turbo cikin jiragen ruwa da na ƙasa da manyan injunan masana'antu. A 1938 kamfanin Saurer na Suwizalan ya fito da babbar mota mai turbo, a shekarar kuma makarantarsa ta Zurich ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a ranar 27 ga Oktoban 1959 a garin haihuwarsa, yana da shekara 80.

Abin da bai gani ba

Büchi bai ga ranar da aka fara sayar da ƙaramar mota mai turbo a kasuwa ba. Sai a 1962, shekara uku bayan rasuwarsa, aka fito da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair mai turbo a Amurka. Labarin Jetfire ɗin nan akwai darasi a ciki. Tana da wani ɗan tanki na daban da ake cika shi da haɗin ruwa da sinadarin metanol don sanyaya ƙonuwar mai. Masu motar suka riƙa mantawa da shi, in ya ƙare mota ta rasa ƙarfi, su koma suna ƙorafi. Shekara biyu kacal aka yi ana ƙera ta, da yawa ma aka cire musu turbon. Rashin kulawar masu ita yana cikin abin da ya kashe kasuwarta.

Daga baya BMW ta fito da 2002 Turbo a 1973, Porsche ta shigo da 911 Turbo kasuwa a 1975, shekarar da Sarki Khalid ya hau mulkin Saudiyya. Renault ta kai turbo gasar Formula 1 a 1977, motar ta riƙa lalacewa tana tuƙuƙin hayaƙi har 'yan Ingila suka yi mata laƙabi da butar shayi, sai a 1979 ta ci tserenta na farko. A yau ƙarafa sun inganta, amma abokan gabar da suka hana Büchi barci suna nan, wato zafi da gudu. Turbon mota yana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke dukansa yana iya kai wa digiri 900, kuma abin da ke raba sandarsa da gogar ƙarfe ɗan siririn shafen baƙin mai ne kawai.

Hanyar filin jirgi

Ku ɗauki misalin tafiyar da direbobinmu ke yi kullum. Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, wanda aka buɗe a 1983, yana kimanin kilomita 35 arewa da tsakiyar Riyadh. Titi ne shimfiɗaɗɗe, ga maigida na tsoron kada jirgi ya tashi ya bar shi, ga zafin bazara da ke haura digiri 45. Direba ya taka totur tun daga gida, yana isa wurin ajiye motoci ya kashe inji nan take ya ɗauki jaka. To a wannan lokacin turbo na kan ganiyar zafinsa, famfon mai kuma ya tsaya. Man da ya rage a ciki sai ya dahu, ya zama baƙar daskararriyar ƙwanso, a hankali ya toshe siririyar hanyar mai. Ba ranar za a ga illar ba, sai bayan watanni. Mu a asibiti mun san irin wannan, jijiya ba ta toshewa a dare ɗaya.

Maganin ba ya cin ko riyal. A sassauta gudu a kilomitocin ƙarshe, in an tsaya a bar inji yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin a kashe. Motocin zamani da yawa suna da ƙaramin famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa bayan an kashe su, amma ko da shi, wannan ɗabi'ar ba ta cutarwa. Haka da safe, kada a tayar da mota a fizge ta, a tafi a hankali har mai ya yi ɗumi ya ratsa ko'ina.

Sai juyen baƙin mai. A littafin kowace mota akwai jadawali biyu, na yanayin yau da kullum da na yanayi mai tsanani. Zafi da ƙurar Riyadh, haka hazon hunturu na Kano ko Maraɗi da cunkoson cikin gari, duk suna cikin na biyun, don haka a riƙa yin juye da wuri. A sa man sintetik mai lambar da kamfani ya rubuta, a canza matatar mai tare da shi, kuma a saye shi inda aka yarda da su, domin jabun mai ya yi yawa. Matatar iska ma a riƙa duba ta, musamman bayan guguwar rairayi, don ƙwayar yashi in ta shige tana cin bakin farfelar kamar an goga mata magagari.

A gidajen mai na Saudiyya akwai fetur mai lamba 91 da mai 95. A duba cikin murfin tanki, yawancin motocin tsere masu turbo 95 suke so ko sama da haka, kuma rangwamen da ake samu a 91 ba zai sayi fistin ba. Filogi yana saurin gajiya a irin waɗannan injuna, a canza shi kan lokaci. A duba ruwan lagireto, a wanke ƙurar da ke toshe ƙaramin lagireton sanyaya iska da ke gaba, a matsa tiyo-tiyon iska a ji ko sun tsage. Mai sufacaja kuma ya sa ido kan bel, in ya fara ƙara ko tsattsagewa a canza, wasu ma suna da nasu man na daban. In mota za ta yi makonni a ajiye a filin jirgi, a tuna batir yana sauka, tayoyi kuma suna sacewa, a duba su kafin a hau babban titi.

Inji ma yana nuna alamun ciwo. Shuɗin hayaƙi daga salansa, ƙara mai kama da jiniya idan an taka totur, raguwar ƙarfi a hawa, ko mai ya riƙa sauka ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba, duk saƙo ne cewa a je gareji. Ɗan'uwa direba, in ka ga ɗaya daga ciki ka gaya wa maigida da wuri, kuma ka riƙa adana rasit na kowane juye, ranar da rigima ta taso shi ne shaidarka. Masu aika kuɗi gida a sayi mota kuma, ku tambaya ko mai turbo ce, ku tabbata akwai makaniken da ya san ta a garin, ku ware kuɗin mai nagari tun kafin a biya dillali.

Büchi ya yi haƙurin shekara ashirin kafin dabararsa ta tsaya da ƙafarta. Abin da take nema daga wanda ya gaje ta haƙurin minti biyu ne da mai nagari a kan lokaci. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a neman da muka fito yi.