Tarihin Clarence Darrow, Lauyan Ma'aikata a Ƙasar Amurka

An haifi Clarence Darrow a jihar Ohayo ta ƙasar Amurka cikin shekarar 1857. Ubansa kafinta ne mai ƙera kayan ɗaki da akwatunan gawa, matalauci amma mai son littattafai. Yaron ya taso ya koyar a makarantar ƙauye, kana ya karanci shari'a, aka ba shi izinin lauya a 1878. A 1887 ya ƙaura zuwa birnin Shikago, sunansa ya fito, har wani babban kamfanin reluwe ya ɗauke shi lauyansa da albashi mai tsoka.

A 1894 aka yi yajin aikin Pullman. Wannan attajiri yana ƙera taragon jirgin ƙasa, shi ne kuma mai gidajen da ma'aikatansa ke haya. Da kasuwa ta faɗi sai ya rage musu lada, amma bai rage kuɗin haya ba. Jam'iyyar ma'aikatan reluwe, wadda Eugene Debs ke shugabanta, ta ƙi taɓa duk jirgin da ke jan taragonsa, sufuri ya tsaya. Hukuma ta samo umarnin kotu na hana yajin, ta aiko soja, aka kama Debs. Nan Darrow ya ajiye aikin kamfani ya koma ɓangaren wanda aka kama. Bai yi nasara duka ba, domin an ɗaure Debs wata 6 bisa saɓa umarnin kotu, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a 1895. Amma daga ranar ma'aikata suka san sun sami mai tsaya musu.

A 1902 masu haƙar kwal na jihar Fensilbaniya, mutum fiye da 100,000, suka yi yaji wata 5, ga hunturu na gabatowa. Shugaba Theodore Roosevelt ya naɗa kwamitin sulhu, Darrow ya zama babban lauyan mahaƙan. Dabararsa ita ce ya bar hujja ta yi magana da kanta: ya gabatar da guragu da makafi waɗanda rami ya nakasa, da ƙananan yara masu tsince dutse daga kwal, kowa ya ba da shaida da bakinsa. A 1903 aka yanke ƙarin lada kashi 10 cikin 100, aka mai da aikin yini sa'a 9 maimakon 10 ga masu yawa daga cikinsu, ko da yake masu ramukan ba su yarda da jam'iyyar a matsayin wakiliya ba.

A 1907 ya kare William Haywood, shugaba a jam'iyyar mahaƙan yamma, wanda aka tuhuma da sa a kashe tsohon gwamnan Aidaho. A ƙasar nan mutum 12 daga jama'ar gari ake zaunarwa su saurari shaida su ce akwai laifi ko babu. Babban mai shaida shi ne wanda ya dasa nakiyar da hannunsa. Darrow ya nuna musu cewa maganar mai neman tsira da wuyansa ba ta isa a rataye wani ba, suka sallami Haywood.

Sa'an nan jarrabawa ta zo. A 1910 aka tashi gidan jaridar Los Angeles Times da nakiya, kimanin mutum 20 suka halaka, aka kama wa da ƙane 'yan gidan McNamara na jam'iyyar masu aikin ƙarfe. Ma'aikata ko'ina suka gaskata ƙage ne, suka yi karo-karo daga guminsu, aka ɗauki Darrow. Da ya bincika sai ya ga shaida ta kama su, ƙarshensu igiya. Zaɓi biyu ke gabansa: ya ci gaba don mutuncin jam'iyya a rataye su, ko su amsa laifi su rayu. Ya zaɓi na biyu a ƙarshen 1911. Aka yi wa ƙanen ɗaurin rai da rai, wan kuma shekara 15. Masu karo-karo suka ga an ci amanarsu. Bugu da ƙari aka tuhumi Darrow kansa da ba masu yanke hukunci hanci. A shari'ar farko, 1912, an wanke shi. A ta biyu, 1913, kawunansu suka rabu, aka bar maganar. Har yau masana tarihi suna saɓani a kanta.

Jam'iyyun ma'aikata ba su ƙara ba shi babban aiki ba. Ya koma Shikago hannu wofi, ya shiga kare waɗanda ake neman ransu. A 1925 da 1926 ya tsaya wa likita baƙar fata Ossian Sweet da danginsa, waɗanda taron Turawa ya kewaye gidansu a birnin Ditiroit, aka sallami ƙanen likitan, aka janye tuhumar saura.

Ya rasu a Shikago ranar 13 ga Maris, 1938, yana da shekara 80. Wanda aka wakilta wa al'amarin mutane da dukiyarsu, ya dubi wannan: jama'ar da ta ɗaukaka shi saboda Debs ita ta juya masa baya saboda McNamara, alhali mutanen nan biyu ba a rataye ko ɗaya ba. Tammat.