Likita Mila na Zariya, Maginin da Tubalinsa Kalmomi Ne

Idan aka ambaci masu fasaha a cikin ikilisiya, hankalinmu yakan tafi ga mawaƙa da makaɗa da matan zumunta masu tsara waƙa. Ba kasafai muke tuna mai fassara ba, alhali kuwa kowace aya da muka haddace tun muna yara sai da wani ya zauna ya auna kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki a ƙasar Hausa, babu wanda ya kai Walter Miller suna, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila.

An haife shi a Ingila a 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin a turo shi ƙasar Hausa sai aka aika shi Tarabulus, a Libiya ta yau, domin a can akwai fatake da alhazai Hausawa da zai koyi harshe a bakinsu. A nan ya haɗu da wani yaro Bakatsine, Abdul Majid, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyar Makka. Yaron nan ya zama malaminsa, daga baya kuma ya zama kamar ɗansa. Wato Hausar Likita Mila ta samo asali ne daga hira da zaman tare, shi ya sa kunnensa ya kama karin harshe da zaurance da habaici tun da wuri.

A 1900 ya bi Bishop Tugwell zuwa Kano. Sarki Aliyu Babba bai karɓe su ba, ya umarce su su bar garin cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Sai a 1905 Mila ya sami shiga birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makarantar yara. A 1913 'ya'yan Isawa, wato zuriyar almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, suka neme shi. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, amma ciwon barci ya watsa shi.

Duk wannan lokaci, aikin da ya fi cin ransa shi ne juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Mai karatu ya yi tunanin nauyin abin. Hausa ba fanko ba ce da za a zuba mata abin da aka ga dama. Ɗaruruwan shekaru malamai suna rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, kalmomi irin su annabi, mala'ika, zunubi, tuba da aljanna kuwa sun riga sun zauna da ma'anarsu a zukatan mutane. Dole mai fassara ya tsaya a kan kowace ɗaya ya tambayi kansa: in na ɗauke ta, za ta ɗauki saƙon bishara, ko za ta karkatar da shi? In na bar ta na ƙirƙiro baƙuwa, wa zai gane? Dubi kalmar alheri. Bahaushe ya san ta a matsayin kyauta da kirki tsakanin mutum da mutum, sai ga ta an ɗora mata nauyin abin da Allah ya yi wa mai zunubi ba don ya cancanta ba, ta kuwa ɗauka. Ga kuma zancen karin magana, da Zabura wadda waƙa ce, dole ta yi daɗin ji idan an karanta ta da ƙarfi a gaban jama'a. Mu na ƙasar Katagum mun san wannan wahala a aikace, don kalmar da Baguddire zai faɗa a kasuwar Azare ba lalle Bazazzagi ya ji ta yadda aka nufa ba. Mila bai yi aikin shi kaɗai ba. Akwai 'yan mishan na SIM da SUM, akwai kuma Hausawa da yake gwada jimlolinsa a kunnensu. Amma shi ne ya ja ragama, har cikakken Littafi ya fito a 1932.

A ganina, abin da Littafin Fitowa ya faɗa game da Bezalel, wanda Allah ya cika da Ruhunsa domin aikin zinariya da sassaƙa a alfarwa, ya shafi irin wannan aiki. Baiwar sarrafa harshe ma daga wurin Mahalicci take.

Sai dai gwanintar harshe ba ta sa shi ya zama mai sauƙin hali ba. Mutum ne mai zafin rai da kafiya, bakinsa kuma ba ya ɓoye abin da ke cikinsa. Ya yi ta sukar sarakuna da Turawan mulki a kan zalunci, ya kuma daɗe ba ya ga-maciji da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda a ƙarshe aka tuɓe aka kai Lokoja, ƙarar da Mila ya riƙa kaiwa tana cikin dalilai. Abin takaici ne, domin Aliyu fasihin mawaƙi ne da har yau ake nazarin waƙoƙinsa. Gwanaye biyu na harshe ɗaya suka zauna a birni ɗaya, ba su amfani juna da kome ba. Haka kuma Mila yana cikin waɗanda suka matsa a rubuta Hausa da boko maimakon ajami, shawarar da ta sauƙaƙa buga littattafai, ta kuma nisanta Littafinmu daga dubban mutanen da ajami kaɗai suka iya karantawa.

Da aka yanke shawarar fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa a 1929, bai yarda ba. Ya ƙi binsu, ya tafi Kano ya ƙarasa fassararsa. Abin mamaki, a Wusasar da ya ƙi ne abin da ya shuka ya yi 'ya'ya. A can magina Hausawa suka gina majami'ar St Bartholomew da tubali da azara da bakan gizo, irin ginin da Zariya ta gada tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'a na birni. Mai shiga ciki yana yin sujada a ɗakin da ya yi kama da soron kakanninsa. Daga wannan jama'a kuma John Tafida ya fito, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗaya daga cikin ƙagaggun labarai biyar na farko da aka buga da Hausa bayan gasar 1933, sahu ɗaya da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan Bauchi. Dokta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, shi ma ɗan wannan gida ne.

Mila bai yi aure ba. Ya ajiye aiki da CMS ya koma Ingila, amma zama bai yi masa daɗi ba, ya sake dawowa Nijeriya, ya ci gaba da koyarwa da rubuce-rubuce. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952, yana da shekara 80. Fassararsa ta yi kusan shekara hamsin ita ce a kan bagadi kafin sabuwa ta fito, kuma har yanzu akwai dattawan da idan za su kawo aya da ka, da lafazin tsohuwar take fito musu.