Tarihin Sarkin Kano Abbas: shari'ar bayi da gonakin da anka bari

Yau za mu leƙa Kano, garin da mutanen Adar sunka daɗe suna zuwa fatauci da cin rani. Wanda za mu ba da labarinshi shi ne Sarkin Kano Muhammadu Abbas, da ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919. A zamaninshi ne bauta ta fara ja da baya a ƙasar Kano, kuma gabanshi ne anka riƙa kawo tambayoyi biyu masu wuya. Gonar da mai ita ya tafi ya bari, ta wa ce? Bawan da anka ce yana iya samun ƴanci, wa ke da guminshi?

Abbas ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi ne, jikan Sarki Ibrahim Dabo. Lokacin da basasa ta tashi a Kano cikin 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufu, Abbas yana ɓangaren ƴan'uwanshi Yusufawa. Su ne sunka yi nasara, Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, ya hau gadon sarauta, Abbas kuma ya riƙe sarautar Wambai. Yaƙin nan ya watsa gidaje da yawa. Waɗanda anka kayar sunka gudu, gidajensu da gonakinsu da bayinsu sunka koma hannun wasu.

Ba a yi shekara goma ba sai ga Turawan Ingila. Ran 3 ga Fabrairu 1903 sunka ci Kano, Sarki Alu yana kan tafiyar Sakkwato. A hanyar komowa rundunar Kano ta gamu da sojan Turawa a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya rasu. Alu ya yi arewa, anka kama shi, anka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, can ya cika a 1926. Wambai Abbas ne ya jawo sauran jama'a ya maido su gida, Gwamna Lugga kuma ya tabbatar mishi da sarauta cikin Afrilun shekarar.

Turawa sun zo da doka tasu, wadda Lugga ya shelanta tun 1901: an hana kai hari don kama bayi, an hana saye da sayar da mutum, kuma duk ɗan da anka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. To amma fa dokar ba ta ce bayin da ke hannu su tashi su tafi ba. Masana tarihi na ƙiyasta bayin daular Sakkwato a lokacin tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu da rabi. Turawa na tsoron in duka sunka aje hauya, noma ya tsaya, haraji ya tsaya. Saboda haka sunka fi son bauta ta mutu sannu a hankali, a hannun sarakuna da alƙalai.

Bayi da yawa ba su jira ba. Cikin ruɗanin yaƙi dubbai sunka gudu, wasu sunka nemi garuruwan da anka kamo su. Masu dukiya ma wasu sun bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira gabas, sunka bar gidaje a rufe. Ka ga ke nan Abbas ya gaji ƙasa mai cike da rinji babu ma'aikata, gonaki babu masu su, da mutanen da babu wanda ya san matsayinsu.

Hanyar da anka bi da bayi ta tsohuwar al'ada ce, wato murgu da fansa. A da, bawan gandu yana yi ma ubangijinshi noma daga safe har wajen azahar, sannan ya koma gayaunarshi. Murgu shi ne bawa ya riƙa biyan wani kuɗi da anka yanka, a bar shi ya yi aikin kanshi, dako ne ko saƙa ko ƙodago. Fansa kuwa kuɗin da zai biya ya fita gaba ɗaya. Sabon abin da zamanin ya kawo shi ne, ubangiji ba ya da ikon ƙin fansa. Bawa na iya zuwa gaban alƙali a yanka mishi kuɗi, ya biya da kaɗan-kaɗan, a ba shi takardar ƴanci. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, wasu da kuɗin gyaɗa sunka fanshi kansu. Sai dai a lura, mutum ne ke sayen kanshi da guminshi, yana biyan ubangiji, ga kuma haraji na jiranshi.

Batun gona ya fi wanga sarƙaƙiya. A al'ada, gonar da ta zama saura mai gari ke ba da ita ga wanda zai noma, dukiyar da ba ta da magaji kuma ta baitulmali ce. A 1910 Turawa sunka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon gwamna, a Kano kuma anka shiga auna gonaki da taki don yanka haraji. Manufarsu ita ce kada bawan da ya gudu ya samu gona cikin sauƙi, don ya zauna wurin ubangijinshi. Wanda ya fanshi kanshi ma sau da yawa yana nan kan gonar da ba tashi ba. Sai ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta sake tada mutane daga gonakinsu. Rubutattun shari'o'in majalisar Abbas na waɗannan shekaru, da anka rubuta da Larabci, suna nan har yau, cike da rigimar gona, gado, da ƙarar ƴanci.

Mata su ne sunka fi shan wuya. Tun da an hana sayen baiwa a kasuwa, sai masu kuɗi sunka gano wata ƙofa: mutum ya biya fansar yarinya a kotu, ya kai ta gida ya sa ta ɗaka. A takarda an ƴanta ta, a cikin gida kuwa ƙwarƙwara ce.

Shi kanshi Abbas yana tsaka mai wuya. Shi ke yanke hukunci, alhali gidan sarauta na da gandaye irin na Fanisau, mulkinshi kuma ya dogara da manyan bayin sarki kamar Shamaki, Ɗan Rimi da Sallama. Ya sha sa-in-sa da Razdan Kargil, wanda har ya ɗora Ɗan Rimi Allah Bar Sarki kan kujerar Waziri, kafin razdan na bayanshi ya warware naɗin. Abbas ya rasu a 1919, ɗan'uwanshi Usman ya gaje shi, sannan ɗanshi Abdullahi Bayero ya hau a 1926. A zamanin Bayero ne, cikin 1936, anka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya, shekara 33 bayan cin Kano.

Nan wajenmu, Faransa ta yi tata dokar hani a Disamba 1905, amma sai a 2003 Nijar ta maida bauta laifin da ke kai mutum kaso. A 2008 kotun CEDEAO ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare wata mata daga yankin Ƙonni da anka sayar tana ƴar shekara 12 a matsayin wahaya. Kuma har gobe a jihar Tawa akwai iyalan da ke noma gonar da kakanninsu sunka share, amma in rigima ta tashi sai a tuna musu asali. Tambayoyin nan biyu da anka kai gaban Abbas, har yanzu suna zuwa gaban sarakunanmu da alƙalanmu. Allah ya jiƙan magabata, ya ba masu shari'a ikon yin adalci.