Audu Bako: Ɗan Sandan da Ya Tare wa Manoma Ruwa

Ɗan'uwa manomi, yanzu da kaka ta kawo kai, kana tsinko kuɓewa, yakuwa da tattasai a bayan gida, ka tuna da miyar bazara kuwa? Marigayi Audu Bako ya tuna.

An haife shi a Kaduna a 1924. Ɗan sanda ne, ba malamin gona ba. Shi ne gwamnan Jihar Kano na farko, daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka yi farin 1973, gero ya ƙone a gona, dabbobi suka mutu. Shi kuwa ya dage sai an tare ruwan damina: ga madatsar Bagauda, ga ta Tiga da aka kammala a 1974. Ruwan Tiga ne ke shayar da tumatirin Kadawa da Kura har yau. Da ya sauka, noma ya koma, ya rasu a 1980. Sunansa aka sa wa kwalejin aikin gona ta Dambatta.

Mu nan arewacin Kano, Tiga ta yi mana nisa, amma dabarar tana hannunmu. Ka shanya rarar kuɓewa, ka ware iri, ƙungiyarku kuma ta haɗa kuɗi ta gyara rijiyar lambu tun rani bai kama ba.