Likita Mila na Zariya (1872–1952): Bawan Allah da Ya Kawo Mana Magana Cikin Harshenmu

A tsofaffin majami'u na ƙasar Ingila akan kafa allunan dutse a jikin bango, a zana sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya domin kada a manta da su. Mu ma ya kamata mu kafa namu allon tuni a cikin zuciya, domin kowa ya sha inuwar gemu bai kai ya maƙogwaro ba, amma dai mu duka mun sha inuwar itacen da wani ya dasa.

An haifi Walter Miller, wanda iyayenmu suka sani da Likita Mila, a Ingila a shekara ta 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya ba da kansa ga aikin bishara a ƙarƙashin ƙungiyar CMS. Kafin ya shigo ƙasar Hausa sai da ya tafi Tarabulus ya zauna da Hausawan da ke can, ya koyi harshenmu daga bakinsu.

A 1900 ya biyo Bishop Tugwell har birnin Kano, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Suka komo Girku, inda abokin tafiyarsu Dudley Ryder ya rasu. Duk da haka Likita bai karai ba. A 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin shan magani da makarantar yara. Da ciwon barci ya auka wa masu bi na Gimi ya hallaka da yawa, nan Zariya aka kawo waɗanda suka tsira.

A 1929 aka ƙaurar da mishan zuwa Wusasa. Can aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin magina Hausawa, tana nan tsaye har wa yau. Daga makarantar wannan mishan aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na fari a Arewa, da Farfesa Ishaya Audu.

Amma babban gadon da ya bar mana shi ne Littafi Mai Tsarki. Shekara da shekaru yana aikin juyi tare da abokan aiki, Turawa da Hausawa, har aka buga shi cikakke da Hausa a 1932. Ya rasu a ƙasar Jos a 1952, yana da shekara 80.

To, ga abin da ke gabanmu: shi baƙo ne, ya sha wahala ya koyi Hausa domin mu ji Maganar Allah. Yau 'ya'yanmu da yawa ba su iya karanta ta da harshen iyayensu ba. In muka bar wannan ya ci gaba, mun rushe allon tuninsa da hannunmu. Bari kowane gida ya ɗauki Littafin, a karanta shi tare da yara kowace safiya. Ubangiji ya taimake mu. Amin.